Gyara Daban, Sauyi Daban: Kan Wani Kuskure da Ya Zauna a Bakinmu

A fadojin shayi na garin Diffa, har ma a ɗakin malamai, idan hira ta kai ga shekarar 2009 sai ka ji an ce: marigayi Tandja Mamadu ya yi wa kundin tsarin mulki gyaran fuska domin ya zarce. Ɗalibaina ma haka suke rubutawa. Maganar ta yi daɗin faɗi, amma ba haka abin ya gudana ba.

Kundin 9 ga Agusta 1999 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu na shekara biyar biyar a aya ta 36, aya ta 136 kuwa ta haramta taɓa wannan ƙa'ida. Ke nan ƙofar gyara a rufe take. Shi ya sa aka bi wata hanya: aka rusa majalisar dokoki a watan Mayu, aka rusa kotun tsarin mulki a watan Yuni bayan ta ƙi amincewa, sannan ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta 2009 ta kawo sabon kundi ɗungurungum, da ƙarin shekara uku. Mai yi wa riga faci daban, mai ɗinka sabuwa daban. Wanda ya ce gyara, ya ɓoye gaskiyar cewa kundin ya kare kansa har sai da aka ture shi.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne. Da yawa sun ɗauka jamhuriya ta bakwai na nufin shugaba na bakwai. Alhali kundi ake ƙirgawa, ba mutum ba: 1960, 1989, 1992, 1996, 1999, 2009, 2010. Tandja shi kaɗai ya mulki ta biyar da ta shida. Mahamadu Issufu da Bazum Mohamed suka yi tarayya a ta bakwai, wadda aka dakatar da kundinta a Yulin 2023.

Mu mutanen kwarin Komadugu muna da nauyi na musamman, don Tandja ɗan Maine-Soroa ne, kuma ƙauna kan tausasa harshe. Amma girmama ɗan gida bai hana kiran abu da sunansa ba. Ya ku malamai, tun da a 2025 aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, wajibi ne mu tace kalmominta na shari'a. Yaron da bai rarrabe gyara da sauyi ba, gobe za a karɓe masa haƙƙi a ce masa kwaskwarima aka yi.