Jinjina ga Masu Tayar da Tsohuwar Land Rover

Akwai mutanen da idan suka ga tsohuwar Land Rover a yashe, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, sai su ciro kuɗi su saya, su ja ta zuwa gida. A Ingila, inda aka fara ƙera motar a Solihull a 1948, irinsu ba sa ƙirguwa. Sun cancanci jinjina.

Sun san inda ciwon yake. Bodin motar na alminiyom ne, ba ya tsatsa, amma shasin ƙarfe ne, kuma shi ruwa da laka ke ci. Don haka sukan sauke bodin gaba ɗaya, su yanke ruɓaɓɓen ƙarfe su yi walda, ko su sa sabon shasi mai rufin da ke hana tsatsa. Kowane noti a kwance shi, a wanke, a ajiye da alama. Aikin yakan ci shekaru, ana yinsa da yamma bayan an tashi daga aiki.

Ba su tsaya a gyara ba. Mai Land Rover ƙirar Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, yakan cire injinta mai lita 2.25 ya ɗora na dizal 200Tdi, ya kuma sauya birkin gaba da na zamani.

Haƙuri, in ji Hausawa, maganin zaman duniya.