Itace Mai Kyau, Amma Wa Ke Shan Inuwarsa?

A shekara ta 2009 wani shaihun malami ɗan Ingila, James Tooley, ya fitar da littafi mai suna The Beautiful Tree, wato kyakkyawan itace. Ya aro sunan daga jawabin da Gandhi ya yi a Landan a 1931, inda ya zargi Turawan mulki da tumɓuke makarantun gargajiya na Indiya.

Ga abin da littafin ke faɗi. Tooley ya zaga unguwannin talakawa a Haidarabad ta Indiya, da Makoko a Legas, da yankin Ga a Gana, da Kibera a Nairobi. Ko'ina ya tarar da ƙananan makarantun kuɗi, waɗansu ma hukuma ba ta san da su ba, cike da 'ya'yan masunta da 'yan tireda. Da aka yi wa yara jarrabawa, ya ce na makarantun kuɗi sun fi na gwamnati, ko da yake albashin malamansu bai kai ba ko kusa.

Dole a yaba masa a kan abu guda: ya ɗauki talaka mutum mai hankali. Uwar da ke sayar da kifi ta san ranar da malami bai zo ba. Wani bincike da aka buga a 2006 ya nuna cewa a makarantun firamare na gwamnatin Indiya, malami ɗaya cikin 4 ba ya nan sa'ad da aka kai ziyarar ba-zata. Mai makarantar kuɗi kuwa, in malaminsa ya yi fashi, iyaye za su kwashe 'ya'yansu, tukunyarsa ta mutu.

Amma littafin ya yi gaggawar yanke hukunci. Mahaifin da ya matse cikinsa ya biya kuɗin wata, shi ne kuma mai duba littafin ɗansa da dare. To, wa za a yaba wa, makaranta ko gida? Tooley ya yi ƙoƙarin raba su ta hanyar lissafi, amma himmar iyaye ba ta aunuwa da mudu. A jihar Andra Paradash, wadda Haidarabad ke cikinta a lokacin, an gwada abin ta hanyar ƙuri'a: waɗanda ta faɗo wa aka biya musu makarantar kuɗi, sauran suka zauna inda suke. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna ba wani bambanci a lissafi da harshen gida. Sai dai makarantun kuɗi sun yi aikin da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da gwamnati ke kashewa. Ashe fifikonsu na araha ne, kuma arahar daga aljihun malami take fitowa.

Akwai kuma yaran da littafin bai tsaya a kansu sosai ba. Gida mai 'ya'ya shida da kuɗin mutum biyu, su wa za a bari? Sau da yawa 'ya mace ce. Maraya fa, da makaho? Ya kamata mai karatu ya kuma sani cewa cibiyar Cato ta Amurka, wadda ta buga littafin, ta daɗe tana neman a rage hannun gwamnati, kuma Tooley da kansa yana cikin waɗanda suka kafa makarantun kuɗi na Omega a Gana. Wannan bai ƙaryata shi ba, amma mai talla ba ya kushe hajarsa.

Iyaye su karanta littafin, gama zai koya musu su riƙa tambaya ko malami ya shiga aji yau, ko ɗansu ya iya karanta wasiƙa. Masu mulki kuwa kada su mai da shi hujjar wanke hannu. Yaron da ba mai biya masa, makarantar gwamnati kaɗai yake da ita, kuma in ta lalace ba shi da inda za shi.