Bandiri a Cikin Na'ura: Nazari kan Saɓanin Masu Sauraron Begen Fiyano a Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi, Minjibir ko Dawakin Tofa a watan Rabi'ul Awwal zai ji begen Manzon Allah (SAW) yana tashi ta hanya biyu. A ƙofar zawiyya, sha'iri ne da 'yan amshi, wani lokaci da bandiri. A teburin mai cajin waya kuwa, da aljihun matashin da ke ban ruwa a gonar rani, bege ne wanda aka naɗa a sitidiyo da kiɗan fiyano. Yankin yana da yawan jama'a, gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, don haka sautin da ya tashi a wani gida ba ya tsayawa a katangarsa. Shi ya sa muhawara kan wannan salo ta fita daga zaurukan malamai ta shiga majalisar kowa. Wannan maƙala tana auna hujjojin ɓangarorin, ta kuma duba abin da na'urar ta yi wa waƙar kanta.

Asalin Salon

Bege ya daɗe a ƙasar Hausa kafin na'ura. Ishiriniyar Alfazazi da Burdar Busiri da murya ake rera su, haka ma Imfirajin Aliyu Namangi. Bandiri ya sami gindin zama a Kano ta hanyar Ƙadiriyya, musamman a hannun Shaihu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996. Daga baya ƙungiyoyin ushshaƙu suka riƙa ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙin finafinan Indiya. Da masana'antar finafinan Hausa ta bunƙasa, sitidiyoyi irin na Iyan-Tama suka shigo da fiyanon Yamaha mai kwaikwayon sautin kayan kiɗa iri-iri. A farkon shekarun 2000 sha'irai suka fara shiga waɗannan sitidiyoyi. Rabi'u Usman Baba, wanda ya riga ya yi suna a fagen bege, yana cikin na farko, kuma waƙarsa "Babu Tantama" tana cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa. Bashir Ɗandago ya bi sahu da "Sannu Uwar Sharifai". Kasancewar sha'iri mai daraja a idon 'yan ɗariƙa ne ya ɗauki matakin, shi ya sa ba a iya kau da kai aka ce wasan yara ne.

Ɓangarori Uku

Ana yawan ɗaukar saɓanin tamkar tsohuwar jayayyar Izala da ɗariƙu ce ta sake salo. Wannan bai cika ba, domin masu sauraro sun kasu uku. Na farko sun ƙi kiɗa a cikin abin da ake neman lada da shi, bandiri ne ko fiyano. Na biyu 'yan ɗariƙa ne, galibi dattawa, waɗanda suka yarda da bandiri amma suka ƙyamaci fiyano, saboda kunnensu ya saba jin sa a waƙoƙin soyayya na fim da wuraren biki. Na uku matasa ne da mata, waɗanda suke ganin salon ya kawo musu yabon Annabi har ɗaki, ya kuma maye gurbin waƙoƙin banza a wayoyinsu. Ɓangare na biyu ya fi cancantar nazari, domin ƙorafinsa ya haɗa fiƙihu da ɗanɗano.

Mahangar Fiƙihu

Saɓani kan kayan kiɗa tsoho ne. Mafi yawan malamai sun tafi a kan hani, suna kafa hujja da hadisin ma'azif da ke cikin Sahihul Bukhari. Ibn Hazm ya soki isnadinsa ya halatta, Ibnus Salah da wasu suka mayar masa da martani. Imam Gazali, a babin sama'i na Ihya'u, ya rataya hukunci a kan halin mai ji da abin da sautin ke motsawa a zuciya, amma ya ware kayan tsirkiya da na busa waɗanda suka zama alamar mashaya. A mazhabar Malikiyya, Risala ta tsananta, Muhtasar kuwa ya sassauta kan duffi a walimar aure, ya kawo saɓani kan wasu ganguna. A nan gida ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya nuna sassauci a Najmul Ikhwan bisa la'akari da saɓanin malamai, ƙaninsa Malam Abdullahi ya fi tsanantawa.

Abin da yake sabo shi ne tambayar da fiyano ya haifar: idan sautin bandiri ya fito daga na'ura ba tare da an taɓa fata ba, hukunci yana bin surar kayan ne, ko sautin, ko tasirinsa? Wanda ya ce yana bin sura, ya wajaba ya bayyana illar da ta sa katako da fata suka halatta, roba da lantarki suka haramta. Wanda ya ce yana bin sauti, to ya sani hujjarsa ta tsaya ga sautin duffi kaɗai, alhali waƙoƙin sitidiyo suna cike da sautin sarewa da goge da garaya. Saboda haka ƙiyasin fiyano a kan bandiri, wanda masoya salon suka fi dogara da shi, ƙiyasi ne mai giɓi. A ɗaya gefen, hujjar dattawa ta cewa kiɗan 'yan fim ne tana da asali a ƙa'idar Gazali ta kamanceceniya da ma'abota shagala, sai dai hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa idan al'adar ta sauya.

Abin da Na'ura ta Yi wa Waƙar

Ko da an ajiye batun halas da haram, akwai hasara uku da kunne ke shaidawa. Ta farko ta shafi lokaci. A majalisi, mai bandiri yana bin sha'iri: ya sassauta idan baiti ya yi nauyi, ya ƙara wuta idan shauƙi ya tashi. A sitidiyo kuwa bugun na'ura ba ya gaba ba ya baya, sha'iri ne ke bin sa. Bawa ya zama ubangida.

Ta biyu ta shafi lafazi. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Tsawon wasali ne ya raba garin da ake zama da garin tuwo, karin sauti ne ya raba kukan ido da kukar miya, kuma ma'aunin waƙa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi aka gina shi. Manhajar gyaran murya ta Auto-Tune, wadda ta fito a 1997 ta kuma mamaye sitidiyoyi daga baya, idan aka cika ta takan ja wasali ta lanƙwasa kari, har salati ya koma amo mai daɗi wanda ba a tsinkayar kalmominsa. Adalci ne a ce ayyukan farko irin na Rabi'u Usman Baba sun fi tsira daga wannan aibi, domin muryar da ta horu a majalisi ce ke jan ragama, kiɗan yana biye. Lalacewar ta fi bayyana ga 'yan baya da suka fara daga sitidiyo.

Ta uku ta shafi jama'a. Amshi makaranta ce. Da shi manomi da bai yi zurfi a karatu ba yake haddace nasabar Annabi da siffofinsa da yaƙoƙinsa. Na'ura ta mayar da mai amshi ɗan sauraro.

Amma ribar ma ta gaskiya ce. Macen da ke cikin kulle a ƙauyen Kunci, wadda ba ta halartar majalisi, yanzu tana jin tarihin Nana Faɗima tana sussuka ko tana dakan fura. Wanda ya raina wannan bai san karkara ba.

Kammalawa

Masu ƙin salon sun yi daidai da suka ce kaya yana rina abin da aka zuba a cikinsa, sun kuskure da suka mayar da mas'alar saɓani tamkar ijma'i. Masoyansa sun yi daidai game da isar da saƙo, sun kuskure da suka ɗauka kyakkyawar niyya tana wanke kowane salo. Abin da ya fi hatsari shi ne hayaniyar kiɗa ta shagaltar da ɓangarorin biyu daga tantance matani: ruwayoyin da ba su inganta ba, da wuce iyaka a yabo wanda Annabi (SAW) da kansa ya hana. Ma'aunin da ya dace ga ɗalibi shi ne ya kashe kiɗan, ya rubuta baitocin a takarda, ya karanta. Idan sun tsaya da ƙafarsu ta fuskar aƙida da ma'ana da ma'auni, sauran magana saɓanin malamai ne da ake girmamawa. Idan sun faɗi, to kiɗan ne yake riƙe da su tun farko. Allah shi ne mafi sani.