Haƙurin Aku da Haƙurin Zaure: Nazarin Nasiha ga Wanda Ya Kammala Jami'a

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kammala jami'a, ya gama bautar ƙasa, ya dawo gida Gozaki, akwai zama guda da ba ya wuce shi. Bayan sallar isha'i Baffa zai kira shi zaure ya ce: "To ɗana, karatu ya ƙare, saura duniya. Ka yi haƙuri, ka bi na gaba, kada ka raina sana'a, ka guji bashi, ga gona nan." Ni ma an yi mini wannan zama. Nasihar ba ta Baffa ce shi kaɗai ba, domin adabinmu ya daɗe yana raino da yaɗa ta. Wannan muƙala za ta auna ta da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafin da kusan kowane ɗan makaranta a ƙasar Hausa ya buɗe ido da shi, don a ga abin da zaure ya riƙe daga cikinsa da abin da ya zubar a hanya.

Nasiha a Bakin Aku

An buga littattafan Magana Jari Ce guda uku tsakanin 1937 da 1939, kuma na farkonsu an gina shi ne a kan hana yaro fita. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana ƙulla makircin da zai fitar da Musa daga fada a hallaka shi, shi kuwa Musa zuciyarsa na wajen Mahmudu a fagen fama. Kullum dare ya yi ɗamarar tafiya, sai Aku ya riƙe shi da labari har gari ya waye. A zahiri wannan shi ne ainihin ra'ayin 'yan mazan jiya: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Sai dai mai nazari zai lura da abubuwa uku. Na farko, haƙurin da Aku ya nema yana da dalili, domin haɗarin da ke bakin ƙofa na gaskiya ne. Na biyu, yana da wa'adi, wato ranar dawowar Sarki. Na uku, Aku bai ce wa Musa "zauna" ya tsuke baki ba. Kowane dare sai ya biya kuɗin zaman da labari mai ɗauke da darasi. A littafi na uku ma, da Aku ya so ɗansa Fasih ya gaje shi, zaunar da shi ya yi ya koya masa sana'ar magana dalla-dalla. Ke nan a wurin Imam, mai nasiha shi ma akwai nauyi a kansa.

Akwai kuma wani abu da masu kafa hujja da littafin kan tsallake. Aku tsuntsu ne da aka kawo sayarwa, aka ga tsadarsa, shi da bakinsa ya kare darajarsa, har ya ƙare a kujerar Waziri. Da kawaici kaɗai ya riƙe, da a keji zai mutu. Ladabin da littafin ke koyarwa ladabi ne mai baki, wanda ya san lokacin shiru, ya kuma san lokacin faɗar abin da ya iya.

Inda Zaure Ya Yi Gaskiya

Ba adalci ba ne a yi watsi da nasihar dattawa ɗungurungum. Karin maganar nan, Ba Wahalalle Sai Mai Kwaɗayi, har gobe yana aiki. A watan Disamba na 2016 tsarin MMM ya rufe asusun jama'a, kuma cikin waɗanda suka tafka asara akwai masu digiri da suka san lissafi sarai. Yau cacar ƙwallo ta shigo cikin waya, tana cinye alawus ɗin ɗan bautar ƙasa kafin wata ya raba. Abdulƙadir Ɗangambo ya sa wa littafinsa suna Kitsen Rogo tun a ƙarshen shekarun 1970, yana gargaɗin matashin ƙauye game da ƙyale-ƙyalen birni. Wanda ya ga masu digiri suna kwana a shagon abokai a Kaduna ko Abuja suna jiran takardar ɗaukar aiki, ba zai ce gargaɗin ya tsufa ba. A kan gudun bashi, da riƙon amana, da rashin raina ƙaramar sana'a, Baffa bai faɗi ba daidai ba.

Inda Nasihar Ta Gaza

Matsalar tana cikin jimlar ƙarshe: "ga gona nan." Wace gonar? Gonar kaka da rabon gado ya yanka ta gida-gida, har rabon mutum ɗaya bai cika ciyar da shi shekara ba? Audugar da ta ɗaga sunan Funtuwa, ta gina gidaje a ƙasar Ƙafur da Malumfashi, ta rasa babbar kasuwarta tun da masaƙun Kaduna suka durƙushe a shekarun 2000. Masarar da ta maye gurbinta ba ta yi sai da taki, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin huɗa da na dakon amfani suka ƙara hawa. A Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara kuwa, 'yan bindiga sun raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa da gari. Wanda ya ce wa matashi ya koma gona bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya ba shi rabin magana.

Haka nan "ka yi haƙuri" da ba ta da wa'adi takan rikiɗe ta zama zaman majalisa. Shekara ɗaya ta zama biyar, takardar digiri na cikin akwati, mai ita ya haura talatin yana jiran wani babba ya tuna da shi. "Ka bi na gaba" kuma, in ba a yi mata iyaka ba, ita ce ke mayar da mai ilimi ɗan kore a gidan ɗan siyasa. Ga 'ya mace nasihar ta fi gajarta: a ce ta jira miji, kamar shekara huɗun da ta yi a Zariya ko Dutsin-ma ado ne na lefe.

Kammalawa

Ma'aunin da Imam ya bar mana mai sauƙi ne. Duk nasihar da za a yi wa mai fita daga jami'a a tambaye ta: mene ne dalilinki, yaushe ne wa'adinki, me kika zo da shi a hannu? In Baffa ya ce a koma gona, ya yanka wa ɗansa fili na damina biyu, ya tsaya masa a sami taki, ya nuna masa yadda ake adana masara har ta yi daraja a kasuwar Ɗandume. Shi kuma ɗan ya zo da nasa jarin: ya nemo ingantaccen iri daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, ya buɗe baki cikin ladabi ya faɗi inda tsohuwar hanya ke jawo asara. Dattijon da ya yi haka ya cancanci a saurare shi har asuba, kamar yadda Musa ya saurari Aku.