Gwanayen Ƙidayar Tsuntsaye a Dagona

Da zarar hunturu ya kama, fadamun Haɗeja da Nguru sukan cika da baƙi masu fukafukai. Agwagin daji ne da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da suka guje wa ƙanƙarar Turai da Rasha, suka ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, suka yada zango inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kafin su haɗu su nufi Tafkin Chadi. Tafkin Dagona da ke ƙasar Bade, a Jihar Yobe, na cikin manyan masaukansu. Har Yarima Philip na Ingila ya je ganinsu a 1989.

Kallo kowa ya iya, amma ƙidaya sai gwani, kuma aikinsa abin a jinjina masa ne. Tun asuba yake fita, ya zaɓi wurin da rana za ta fito ta bayansa, don kada haske ya kashe masa ido. Ba ya sa fararen kaya, ba ya ɗaga murya, ba ya nuni da hannu, domin tsuntsu ɗaya in ya firgita, duk garken ya tashi. Kafin ma ya ɗora madubin hangen nesa a ido, ya riga ya gane wasu. Kirinjijiya da fito take tona kanta. Dinya kuwa girmanta ya isa shaida. Waɗannan 'yan gida ne. Baƙin su ne masu wuya: wata ƙaramar agwagwa sai ka lura da farin zanen da ke saman idon namijinta, wata kuma doguwar wutsiyarta mai tsini ce ke bambanta ta.

To, yaya ake ƙirga dubbai alhali suna motsi? Gwani yakan ƙirga goma ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe faɗin wurin da suka cika a idonsa, sannan ya riƙa auna sauran garken da shi, kamar mai awon hatsi da mudu. Goma ta zama ɗari, ɗari ta zama dubu. Abokin aikinsa ya yi nasa lissafin daban, su gwada, sannan a rubuta. A watan Janairu ake wannan ƙidaya a ƙasashe da dama, don kada tsuntsun da aka ƙirga a nan a sake ƙirga shi a wani wuri bayan ya yi ƙaura.

Alƙaluman nan ba na ado ba ne. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa ambaliyar da ke shayar da fadamun ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. In tsuntsaye suka ragu, masunci da manomin shinkafa da makiyayi ma suna ji a jikinsu.

Mai karatu, in ka samu sarari tsakanin Disamba da Fabrairu, ka je Dagona, ka nemi ɗan jagora daga ma'aikatan wurin, ka biya shi haƙƙinsa da kyau.