Sharhi a Kan Ƙidayar Shekaru ta Littafin Seder Olam Rabba

A Talmud an kasa tarihin duniya kashi uku, kowane kashi shekara 2,000: zamanin ruɗu, zamanin Attaura da zamanin Almasihu. Ginshiƙin ƙidayar shekarun kuwa shi ne littafin Seder Olam Rabba, wanda ake jingina wa Rabbi Yose ɗan Halafta na ƙarni na 2 Miladiyya.

Babu shakka littafin ya yi rawar gani wajen tsamo shekaru daga nassi. Bisa lissafinsa an yi Ruwan Ɗufana a shekara ta 1656 bayan halittar duniya, aka fita Masar a 2448. Sai dai inda nassi ya taƙaita, nan ƙafarsa ta zame. Ya ce shekara 490 ce tsakanin rushewar Ɗakin Ibada na Farko da na Biyu a Ƙudus, daidai da makwanni 70 na annabcin Daniyel, alhali daga 586 kafin Miladiyya zuwa 70 Miladiyya shekara 655 ce. Mulkin Farisa aka matse, har shekara 165 suka salwanta.

Tun a ƙarni na 16 Azariya de Rossi ya soki wannan lissafi, amma har yau a kansa kalandar Yahudawa take tafiya. Saboda haka ya kamata manazarci ya ɗauki littafin a matsayin tafsiri, ya nemi shekarun Farisa a rubuce-rubucen Babila da Girka.