Dattawan da ke riƙe da salsala a ka

A ƙauyukan Bajju da ke kewayen Zonkwa, idan maganar aure ta taso, akan nemi dattijon da ya san asalin gidaje kafin a yi nisa. Zai gyara zama, ya tambayi sunan uban yarinya, sannan ya fara hawa sama: wane ya haifi wane, wane ne ya bar gidan ubansa ya je ya sari daji. Idan jinin gidajen biyu ya haɗu kusa, magana ta tsaya nan. Duk wannan ba tare da ya buɗe takarda ko ɗaya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar riƙon. Ba ya haddace sunaye tsurarsu. Kowane suna ya ɗaure shi da abin da ido ke gani: dutsen da kakan ya zauna a gindinsa, kufan da aka tashi, ɗorawar da ke kan iyakar gona. Lokaci kuwa da manyan al'amura yake auna shi, ya ce an haifi wane shekarar fara, wane kuma ya yi aure bayan jirgin ƙasa ya iso Kafanchan. Kuma a bainar jama'a yake jerowa. Ya kuskura ya tsallake suna, nan take wata tsohuwa za ta gyara masa, don mata su suka fi sanin wacce aka auro daga wane gida. Wannan gyaran shi ke tsare sanin daga son rai.

Ta haka Bajju ke kai asalinsu ga kakansu Baranzan, maƙwabtansu Atyap kuma kowa ya san danginsa cikin huɗun nan: Agbaat, Aminyam, Aku da Shokwa.

A fada aikin na maroƙa ne da masu kirari. Sarautar Jama'a ta faro daga Malam Usmanu wajajen 1810, hedkwatarta ta dawo Kafanchan a 1933, kuma dole gwanin kirari ya san jerin sarakunan da gidan kowannensu. Mai ganin wannan tsohon yayi ne ya tuna 2020 a Zariya. Da aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli Sarkin Zazzau, kowa ya koma lissafin gidajen sarauta huɗu, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, aka ga rabon gidansa na Mallawa da gadon sarauta shekara 100, tun Alu ɗan Sidi a 1920.

Masu wannan sani suna ƙarewa, jikokinsu suna Kaduna da Abuja. Idan akwai irin wannan dattijo a gidanku, ku je da waya ku ɗauki muryarsa, ku kuma zaunar da tsofaffin mata kusa da shi don su riƙa gyarawa.